Mil Arba'in da Bakwai Don Kada a Gan Ni

Kwanana goma sha ɗaya ban sa giya a bakina ba ranar da Mama ta shigo ɗakina da riga a hannu. Shuɗiya ce mai dogon hannu, da ƙananan maɓallai har wuya, irin wadda ake sa wa mace idan ana so ta yi kama da mai hankali.

"Ta Asabar ce," in ji ta. "Gwada in gani."

"Me za a yi ranar Asabar?"

"Joelle, kada ki raina min wayo. Duk garin Renner an san Wade ya sayi zobe. Mai shagon ya gaya wa ƙawata Bev, Bev ta gaya min. Dutsen ƙarami ne, amma na gaske ne."

Masu karatu, bari in daidaita muku zancen. Shekarata ashirin da bakwai, ina naɗe cuku a masana'antar garinmu, ina zaune da mahaifiyata Darlene. Wade Pavlik makanikin tarakta ne. Shekara biyu yana nemana, kuma in aka tara duk maganar da ya yi a shekara biyun ba za ta cika takarda ɗaya ba. Ina son sa. Ba zan tsaya ƙawata wannan ba.

Matsalar al'adar gidansu ce. A gidan Pavlik ba a ba mace zobe sai an buɗe tulun barasar jajayen 'ya'yan itacen ceri da kakan Wade ke jiƙawa kowace shekara. Tsohon ne ke zubawa da hannunsa, yarinyar ta shanye kofi guda a gaban dangi biyu, sannan ta ce ta yarda. Haka aka yi wa uwar Wade, haka aka yi wa kakarsa.

Ni kuwa kofi guda ba ya tsayawa guda a hannuna. A Renner kowa na sha, saboda haka ba a gane mashayi sai ya faɗi a titi, ni kuma ban taɓa faɗuwa a titi ba. Kwalabena ƙanana ne, suna zaune cikin takalman sanyi a bayan durowa. Ranar da na daina, ranar ce da na tsinci kaina a banɗakin wurin aiki da ƙarfe goma na safe ina kurɓar ruwan kurkure baki don hannuna ya bar rawa. Mama ba ta sani ba. Wade bai sani ba. Na tabbata in gidansu suka ji, zoben zai koma shago.

Ina cikin rigar wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga Wade.

"Asabar ƙarfe biyu. Mama ta yi odar kek. Ki zo da yunwa."

Na rubuta masa "To."

"Ta yi miki kyau," in ji Mama. "Ki daina tsayawa kamar an kama ki da sata."

Ranar Laraba da hutun cin abinci na shige motata, na ɗaga gilasai, na kira ofishin lafiya na gundumarmu. Na danna ɗaya, na danna uku, na saurari kiɗa na minti tara. Can aka ɗauka.

"Sashen taimakon masu shaye-shaye, Bev ke magana."

Na manta sarai aminiyar Mama nan aka mayar da ita. Na toshe hanci, na kaurara murya.

"Ina tambaya ne saboda wata ƙawata."

"Joelle? Mura kike yi?"

"E. Mura."

"Ki sha zuma. Wace ƙawar? A'a, kada ki faɗa, aikinmu sirri ne." Sai ta rage murya. "Ba dai Kendra ba?"

"Ba Kendra ba ce."

"Na gane," in ji ta, da muryar da ke nufin Kendra ce.

Ta ce gadon jinya sai nan da mako shida, likitan da ke ganin masu irin wannan kuma sai wata mai zuwa. Amma akwai taron masu barin giya, kyauta ne, ba a tambayar sunan uban kowa, kuma abin da aka faɗa a ɗakin a ɗakin yake mutuwa. Ta karanto min jerin. Mafi kusa shi ne na Renner, ranar Litinin, a ɗakin ƙarƙashin cocinmu, taku ɗari biyu daga ƙofarmu, a daidai lokacin da Mama da ƙawayenta ke ɗinkin bargo a saman benen. Mafi nisa shi ne na garin Halvor, Alhamis ƙarfe biyar na yamma, mil arba'in da bakwai.

"Ki gaya wa ƙawar taki Allah na tare da ita," in ji Bev. "Uwarta ma haka take."

Alhamis na ce wa Mama zan je neman takalmin da zai shiga da rigar. Na sa hular sanyi har gira, na sa baƙin tabarau, ga shi kuwa hadari ne a gari. Ban taɓa zuwa Halvor ba, ban san kowa a can ba, wannan shi ne duk kyan garin.

Ban ajiye mota a gaban cocin da ake taron ba. Na zagaya bayan shagon abincin dabbobi, inda ba mai gani. A nan na tarar da koriyar a-kori-kura mai lotsattsen gefe, sak irin ta Gus mai raba mana wasiƙu. Kusa da ita wata ƙaramar mota da furen roba a kan eriya, sak irin ta Misis Dahlke da ta koyar da ni a aji uku. Na ce a raina ƙila an yi rangwamen dusa.

Na sauka matakalar ɗakin ƙarƙashin cocin. Ɗakin na warin kofi da tsohuwar darduma. Kujerun ƙarfe tara a zagaye, mutum takwas a ɗakin. Na cire tabarau don in ga hanya. Da ma ban cire ba.

"Shigo, rufe ƙofa, ɗumi na fita," in ji Gus.

Misis Dahlke. Mai kantin magani. Mutumin da ke huɗa mana rijiya. Matar da ke kaɗa molo a cocinmu, da wasu biyu da nake gaisarwa kullum a gidan mai. Duk Renner. An gudu ba a tsira ba.

"Ina 'yan Halvor?" Abin da ya fito daga bakina ke nan.

"Suna Renner ranar Litinin," in ji Gus. "Su ma suna da kunya."

Ta takwas ɗin ta juya min baya tana zuba kofi. Da ta juyo sai ƙafafuna suka ce su sun gama aiki, na zauna a kujerar da ta rage. Lorna Pavlik ce, mahaifiyar Wade. Matar da a kowane biki za ka gan ta da kofin barasa a hannu tana dariya har da dukan cinya.

Ta dube ni kamar yadda ake duban bango, ta zauna, ta buɗe taro.

"Sunana Lorna, ni mashayiya ce."

"Sannu, Lorna," in ji ɗakin gaba ɗaya, murya ɗaya, kamar 'yan makaranta.

Haka ake yi. Kowa ya faɗi sunansa da ciwonsa, a amsa masa, ko da kuwa shi ya kawo maka wasiƙa da safe. Gus ya ba da labarin yadda ya taɓa raba wasiƙun unguwa guda a cikin akwatin mutum ɗaya. Mai molo ta yi kuka kaɗan, aka miƙa mata takardar share hanci, ba wanda ya rungume ta. Lorna ta ce shekararta ashirin da biyu ba ta sha ba, kuma jiya ma sai da ta tsaya minti ɗaya a gaban shagon giya tana karanta farashi.

Aka zo kaina.

"Sunana Joelle," na ce wa takalmina.

"Ɗaga murya, Joelle, na baya ba sa ji," in ji Misis Dahlke.

Zagaye muke, babu na baya. Amma na ɗaga. Na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa ko madubi ba, suka amsa min, na ba su labarin takalman sanyi da ruwan kurkure baki. Ba wanda ya zaro ido. Mai kantin magani ma ya tambaye ni wane iri, wai shi koren ya fi sha a zamaninsa.

Da aka tashi na tarar da Lorna tana wanke kofuna. Ta miƙo min tsumma.

"Goge."

"Misis Pavlik..."

"A nan Lorna ce. Misis Pavlik tana can Renner tana jiran surukarta."

"Kofin da kike riƙewa a biki fa?"

"Shayi ne mai sanyi. Launi ɗaya ne."

"Wade ya sani?"

"Game da ke ko game da ni?"

"Duka."

"Wade bai san komai ba. Ɗana ne, ina son sa, amma abin da ba inji ba ne ba ya jin ƙararsa. Yana ɗan shekara takwas na daina. Ubansa ya sani, ya tafi da shi kabari."

"To ni ma ki zuba min shayin ranar Asabar."

"Kakansa ke zubawa. Shekararsa tamanin da takwas, ido ya tafi, amma hanci na nan daram. Yana shanshana kofin kafin ya miƙa."

"Ke ya kika yi ranar taki?"

"Na shanye, na nemi ƙari uku. Suka ce sun yi dacen suruka."

Ta kashe famfo, ta share hannu a gefen wandonta.

"Ji nan. A ɗakin nan shawararmu ɗaya ce ga sabon zuwa: shekarar farko ba aure, ba saki, ba ƙaura. Ko kare kada ki ɗauko. Kanki bai gama dawowa ba, ba a sa hannu a komai da rabin kai."

"Wato in ce masa a'a?"

"Lorna ta ce ki jira shekara. Misis Pavlik ta yi odar kek mai hawa uku, ta gayyaci mutum sittin, in kika kunyata ɗanta ba za ta ƙara yi miki magana ba."

"To wacce zan bi?"

"Oho. Ni ma faɗa suke yi tun da kika shigo." Ta rubuta lamba a bayan takardar kofi. "In kika kira, ki fara da cewa maganar Alhamis ce. In ba ki faɗa ba, uwar Wade ce za ta ɗauka, ita kuwa ba ta da sauƙi. Kuma daga saman matakalar nan ban gan ki ba, ba ki gan ni ba."

Akwai tsarin fita. Ɗaya bayan ɗaya, da tazarar minti biyu, don kada a ga 'yan Renner sun yi ayari. Gus ke riƙe agogo. Tsari mai kyau, sai dai mil biyar da barin gari muka cim ma wata tarakta tana jan ciyawa a hanyar da ba a wucewa. Motoci tara muka jeru a bayanta, hanci da wutsiya, mil ashirin. Kowa ya kafe ido gaba. A madubina ina ganin Misis Dahlke ta sauke abin tare rana ta rufe fuska.

"Ina takalman?" in ji Mama da na isa gida.

"Babu daidai ƙafata."

"Mil nawa kika yi, ki ce babu ƙafarki? Ke kam Allah ya ba Wade haƙuri."

Juma'a na rubuta wa Wade saƙo sau shida. "Akwai abin da ya kamata ka sani." Na goge. "Kana da minti biyar?" Na goge. Na shida ya tafi bisa kuskure, kuma abin da ke ciki kawai shi ne "Wade". Ya amso da hoton babban yatsa.

Asabar ta zo da rana mai kyau, abin haushi. An kafa rumfa a bayan gidan Pavlik, an jera tebura da fararen kyallaye. Soyayyen kifi, dankali da albasa, cuku kala huɗu wanda ni na naɗe rabinsa, da kek ɗin a tsakiya kamar ginin banki. Mama ta sa rigarta mai furanni da ɗan kunnen da take ajiye wa jana'iza da aure. Wade ya sa farar riga, ya kankare baƙin mai daga farcensa har fatar ta yi ja.

Misis Pavlik ta tare ni a bakin rumfa da kofinta a hannu.

"Joelle, 'yata! Kwana biyu ba a ganin ki."

"Aiki ne, Misis Pavlik."

"Ai na sani, ai na sani."

Gus na wajen kifi. Misis Dahlke na kusa da Bev. Mai kantin magani, mai rijiya, mai molo, duk an gayyace su, don a Renner in ka gayyaci mutum sittin ka gayyaci kowa. Ba wanda ya dube ni fiye da daƙiƙa ɗaya.

Aka buga cokali a jikin kofi. Aka kawo tulun. Tsohon ya buɗe, ya zuba, ya shanshana, ya gyaɗa kai, ya miƙo min. Wade ya durƙusa a kan ciyawa, gwiwarsa ta yi ƙara, ya buɗe ɗan akwatin.

"Joelle," ya ce. "To. Kin dai sani."

Mutane suka yi dariya. Ni ban ji su sosai ba. Ƙamshin ne ya hau min kai. Ja ne wur, mai kauri, kuma duk jikina ya san shi kamar yadda kare ke sanin motar maigidansa. Kwana goma sha biyar. Kofi ɗaya ne, in ji wata murya a cikina, kuma al'ada ce, ba laifinki ba ne, gobe sai ki fara sabon lissafi. Muryar nan ta iya magana, ta fi Wade nesa ba kusa ba. Hannuna ya fara ɗagowa da kansa.

"Sha mana," Mama ta raɗa min. "Mutane na kallo."

Na san in na tsaya neman kalmomi masu kyau kofin zai riga su isa bakina. Kalmomin da na taɓa gwadawa suka yi aiki guda ɗaya ne, sai na ɗauko su yadda suke, da ƙarfi, don na baya su ji.

"Sunana Joelle, ni mashayiya ce."

"Sannu, Joelle."

Murya shida, lokaci ɗaya, daga kusurwa shida na rumfar. Ba su yi niyya ba. Shekara da shekaru baki ya saba, ya amsa kafin kai ya farga. Wadda ta fi kowa ƙarfi kuwa tana tsaye taku biyu bayan ɗanta da kofi a hannu.

Gus ya tura kifi a baki. Misis Dahlke ta shiga binciken jakarta. Mai molo ta dubi sama kamar za a yi ruwa.

"Me ya sa kuke gaishe ta?" in ji Mama. "Tun ɗazu tana nan."

"Ladabi ne kawai, Darlene," in ji Gus da cikakken baki.

Matar Gus ta ajiye cokali a hankali. "Gus. Ka ce min kamun kifi kake zuwa ranar Alhamis. Shekara tara."

"Shi ya sa ba ya kawo kifi," in ji wani daga baya.

Bev ta dafa ƙirji. "Ashe ba Kendra ba ce. Wayyo, na riga na kai wa uwarta miya."

Wade na nan a durƙushe. Bai dube ni ba tukuna, ya juya wuya yana duban uwarsa.

"Mama?"

Lorna ta dubi kofinta, ta dube shi. Ban san wacce daga cikin biyun za ta amsa ba.

"Shayi ne, Wade," ta ce. "Shekara ashirin da biyu shayi ne. Tashi, wandonka na jiƙewa."

"Wai yarinyar ta sha ko ba ta sha ba?" in ji kakan.

Mama ta kama hannun rigata. Na zaci zagi ne zai biyo baya. "A gidana?" ta ce a hankali. "Ina nan, ban gani ba?" Ta saki, ta nemi kujera ta zauna. Wannan ya fi zagi ciwo, amma ba lokacinsa ba ne.

Wade ya miƙe. Akwatin na buɗe a hannunsa.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka san ni."

"Ban taɓa lura ba."

"Na iya ɓoyewa. Shi ne kaɗai abin da na ƙware a kai bayan naɗe cuku."

"To yanzu fa? A'a ce?"

"Ba a'a ba ce. Shekara ɗaya. Ba zan karɓi komai ba sai na yi shekara ban sha ba."

Ya shiga motsa baki. Lissafi yake yi.

"Daga yau, ko daga ranar da kika daina?"

"Daga ranar da na daina. Kwana goma sha biyar ke nan. Amma in na sha gobe, lissafi ya koma farko. Zai iya zama shekara uku. Zai iya zama babu. Ba zan yi maka alkawarin da ban mallaka ba, Wade."

Ya rufe akwatin, ƙas, ya sa a aljihu. Ya ratsa ta tsakiyar mutum sittin, ya wuce kek, ya fita ta ƙaramar ƙofa zuwa inda ya ajiye motarsa. Ya shiga, ya ja ƙofa ya rufe.

Na tsaya ina jiran ƙarar inji. Kofin na hannuna har yanzu, muryar nan kuma ta dawo, tana cewa to ai shi ke nan, ya tafi, me kuma ya rage da za ki tsare?

Injin bai tashi ba. Minti ɗaya, minti biyu. Sai na ga ya miƙa dogon hannunsa ta cikin motar, ya tura ƙofar ɗaya ɓangaren ta buɗe. Bai kira ni ba, bai ko juyo ba.

Na sunkuya na ajiye kofin a kan ciyawa, cike yadda aka ba ni, na nufi motar.